Mutumin da Zai Jira Ka Sanye da Hulata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Shumaisi, Riyad
Cikin watan Muharram

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta riske ka cikin ƙoshin lafiya, jirgin da ya ɗauke ka kuma ya sauke ka yadda ya ɗauke ka. Na ba mahaifiyarka ita ta sa maka a jakar hannu, tare da fasfo, domin ka karanta kana sama, inda babu ƙofar da za ka buga ka fita kamar yadda ka yi ranar Juma'a. Da Hausa na rubuta, kuma da gangan. Na san Larabci ya fi maka sauƙi tunda a nan ka tashi, amma fushina bai iya Larabci ba. Ka karanta a hankali, kada ka tsallake layi.

Zan maimaita maka abin da ya faru, don kada wata rana ka ce na ƙara gishiri. Muna cin abinci bayan masallaci na shaida maka cewa abokina Haruna, baƙin Ba'amurken da muka yi aiki tare a asibiti, shi zai tarbe ka a filin jirgi, kuma a gidansa za ka zauna har a buɗe ɗakunan kwanan jami'a. Ka ajiye cokali ka ce abokanka na makaranta da suka riga ka tafiya sun kama maka wuri, sun kuma gargaɗe ka kada ka kusanci unguwar baƙaƙen fata. Na ce, "To Haruna fa?" Ka ce, "Baba, ni ba irinsu ba ne. Da zarar na buɗe baki za a gane ni ɗan asali ne, ba jikan bayi ba." Mahaifiyarka ta ce, "Abba, bakinka." Ni kuwa na daki tire har miya ta zube, kai kuma ka fice. Tun ranar ban yi maka magana ba, domin na san in na buɗe baki abin da zai fito ba nasiha ba ce.

Wannan maganar taka ba baƙuwata ba ce. Na san gidansu. Daga wurina ka gada, shi ya sa ta fi ƙona ni. Saboda haka zan jera maka inda na yi tuntuɓe game da mutanen Amurka, ko Allah Ya sa ka tsallake ramin da na faɗa.

Ka sani ban yi zurfin boko ba. Abin da na sani daga ƙasidu na tsince shi, waɗanda kake gani a akwatin ƙarfen nan da kuke yi mini dariya a kai. Ina saurayi, ina akawun sito a Kaduna, akwai wani ɗakin karatu da ake raba ƙasidun Amurka kyauta. Takarda mai sulɓi, hoto mai launi, har ƙamshi take yi. Gida da ciyawa a gabansa, mota a ƙofa, uwar gida tana murmushi gaban firji cike da madara. Na yanke wani hoto na liƙa a bangon ɗakina. Duk wanda ya soki Amurka a gabana sai mun yi musu har magariba. Na haddace cewa ƙasa ce da aka gina a kan 'yanci, cewa kowa daidai yake da kowa a gaban doka, ina karanto wa mutane kamar hadda.

Shekaru na yi ina kallon hotunan nan, ko sau ɗaya ban tambayi kaina ina masu kama da ni ba. In an nuna baƙin mutum, to ko yana busa ƙaho ko yana tsere. Daga baya na gane cewa a daidai lokacin da nake liƙa hoton a bango, Haruna yana yaro ne a kudancin ƙasar, kuma akwai famfon da in ya sha ruwa a cikinsa doka za ta hau kansa. Babu ƙasidar da ta gaya mini an kori mutanen da aka tarar a ƙasar daga filayensu, an tura su can gefe. Babu wadda ta gaya mini audugar da ta yi musu arziki da hannun wa aka tsince ta, da bulalar wa. Ba ƙarya suka yi mini kai tsaye ba, abin da ya fi ƙarya muni suka yi: sun nuna mini zaure a share, sun kulle ƙofar tsakar gida. Har yau in na tuna yadda na riƙa yi musu talla ba ko sisi, raina ɓaci yake yi.

To ga nasihata a nan. Duk abin da aka nuna maka a can, a talabijin ko a aji ko a bakin abokai, ka fara tambayar wane ne ba a sa a hoton ba, kuma wa ya cire shi. Abokanka da suka ce ka guji unguwar baƙaƙe, ka tambaye su ko sun taɓa cin abinci a gida ɗaya a cikinta.

Kuskurena na biyu kishiyar na farko ne. Da idona ya buɗe sai na koma wa wasu ƙasidun, masu kaushin takarda, waɗanda ɗalibai ke miƙa wa juna a ɓoye. Su kuma suka ce Amurka ba komai a cikinta sai zalunci, daga sama har ƙasa. Na haɗiye wannan ma ba tare da tauna ba. Da shi na zo Riyad.

A nan na haɗu da Haruna. Sunansa na yanka irin nasu ne, mu ne muka mayar da shi Haruna, shi kuma ya amsa. Shi ke gyaran injinan asibiti, ni ke riƙe da sitonsu, saboda haka kullum muna tare. Kirista ne, ka sani, kada ka je kana zaton wani abu dabam. Ni ma da farko na ɗauka duk baƙin Amurka sun musulunta ko suna kan hanya, don haka wata ƙasida ta ce. Da muka ɗan saba sai na fara yi masa wa'azi a kan ƙasarsa. Ina lissafa masa laifukanta: yaƙe-yaƙen da take kunnawa a ƙasashen mutane, da yadda gwamnatinsu ke lallaɓa masu wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, da yadda aka rage tallafin talakawa ana ƙara wa masu hali. Yana kwance wani inji yana saurarena. Da na gama sai ya ce, "Lawal, duk abin da ka faɗa na sani, har da wanda ba ka faɗa ba. Amma kakannina ne suka sare dajin ƙasar nan da kake zagi. Mahaifiyata ta kusa tsufa kafin a bar ta ta jefa ƙuri'a, kuma ranar da ta je, kayan zuwa coci ta sa. Ni ke da ikon zagin ƙasar, ina kuma zagi. Kai miƙo mini sukudireba."

Na miƙa masa.

Saboda haka, kada ka sauka ka zama malamin kowa. Mutanen nan sun daɗe suna kokawa da ƙasarsu kafin a haife ka. An sakar musu karnuka, an ɗaure su, an kashe na kashewa, kafin doka ta yarda yaro baƙi ya zauna aji ɗaya da fari. Kujerar da za ka zauna a jami'a su suka saya maka ita, ba takardar sakamakonka kaɗai ba. Za ka tarar da jam'iyyu biyu suna musayar mulki, kowacce tana rantsuwa ita ce mai ƙaunar talaka. Ka saurara, kada ka ɗauki tuta. Za ka ga ɗalibai suna zanga-zanga a harabar makaranta. Kai baƙo ne mai biza, kada ka shiga sahun gaba, amma kada ka kuskura ka tsaya gefe kana yi musu dariya. Haruna ya rubuto mini cewa masana'antun garinsu suna ta rufewa, ƙwaya ta shigo unguwanni, bindiga kuma ta fi burodi sauƙin samu a wasu tituna. Ban ɓoye maka ba, akwai haɗari. Amma wanda zai nuna maka titin da ake bi da wanda ba a bi, ɗan unguwa ne, ba yaran da suka sauka bara ba.

Tunda na ambaci titi, bari in faɗi wannan kafin in manta. In ɗan sanda ya tsayar da mota kana ciki, ka ɗora hannuwanka inda zai gan su. Kada ka sa hannu a aljihu don ciro fasfo sai ka faɗa masa tukuna, ya kuma yarda. Kada ka fito kana gaisuwa da fara'a kamar yadda muke yi. Kada ka gudu ko da kai ke da gaskiya. Kana cewa in ka buɗe baki za a gane kai dabam ne. Abba, wanda ya tsayar da kai a hanya ba zai jira ka buɗe baki ba. Fatarka ta riga ta yi magana. Rigar sanyin da ke ƙasan akwati kuma ta ulu ce, kada ka wanke ta da ruwan zafi.

Yanzu ga na uku, wanda saboda shi na zauna rubuta duk wannan.

Ka san mu Katsinawa akwai wasa tsakaninmu da Nufawa. Ko ba ka rayu a gida ba ka ga yadda nake yi da Malam Ndagi in ya zo gaisuwar Sallah: ina ce masa bawana ya iso, shi kuma yana cewa a kawo wa ubangida ruwa. Kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, a yi dariya, a ci abinci. Ba ma yin wannan da bare. Sai wanda muka ɗauka namu.

Wata rana a ɗakin cin abincin ma'aikata na tambayi Haruna asalinsa, kamar yadda Bahaushe ke tambaya, wane gari, wace ƙabila. Ya ce bai sani ba, kuma babu mai sani a danginsu. Abin ya tsaya mini a rai, mutum kamar wannan a ce ba shi da garin da zai ambata. Na dube shi da kyau, goshinsa da tsayinsa, sai na ga kamar wani maƙwabcinmu Banufe. Na ce a raina bari in yi masa kyautar asali. Na ce, "Na gano ka. Kai Banufe ne, ba ko shakka." Ya yi murmushi, ya ce in sake faɗin sunan, ya maimaita a hankali. Da a nan na tsaya, da na yi abin kirki. Amma daɗi ya kwashe ni, na ɗaga murya da Turanci, a gaban Turawa da Larabawa da 'yan Indiya, na ce, "To ka sani, Banufe bawan Bakatsine ne. Daga yau kai bawana ne. Tashi ka kawo mini shayi."

Wani Bature ɗan ƙasarsu da ke teburin kusa ya fashe da dariya har yana dukan cinya. Ya ce, "Ka ji, tun daga can gida aka san matsayinku." Haruna bai dube shi ba. Ni ya duba. Ya ninke takardar goge hannu, ya ajiye a gefen faranti, ya tashi. Daga ranar, in yana son kaya a sito sai ya aiko da rubutu.

Na yi ta ba kaina hujja cewa wasa ne, al'ada ce, shi ne bai fahimta ba. Mahaifiyarka ce ta ce mini, "Malam, wasan da aka yi mutum ɗaya ya yi dariya, kuma maƙiyi ne ya yi ta, ba wasa ba ne." Ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe ta ce in kai masa. Na hau tasi zuwa gidajen ma'aikatan waje da ke Badi'a. Ya buɗe ƙofa, ya dubi kwanon, ya ce, "Bawa ake kai wa abinci a garinku?" Na ce, "Mai laifi ne ke kaiwa." Ya matsa na shiga.

Ya bar ni na yi bayanin wasan tun daga tushe. Sannan ya ce kakarsa ta wajen uwa ta rene shi, ita kuma uwarta a cikin bauta aka haife ta, an sayar da 'yar'uwarta tana kallo, ba su sake haɗuwa ba. Ya ce mahaifinsa ya je yaƙin duniya ya dawo da kakin soja a jikinsa, ya tsaya sayen abinci a hanya aka ce ya zagaya ta tagar baya. Ya ce, "Kalmar da kake wasa da ita, a gidanmu ba ta tsufa ba. Tana zaune da mu a tebur." Sai ya tambaye ni abin da babu ƙasidar da ta taɓa tambayata. Ya ce, "Jiragen ruwa na Turawa ne, na yarda. Amma Bature bai san hanyar ƙauye ba. Wa ya kamo? Wa ya kai bakin teku? A gidanku, Lawal, akwai bayi?"

Abba, akwai. Iya Dangana da ta goya ni, wadda nake ba ku labarin ɗumamenta, kakana ya gaje ta ne kamar yadda ya gaji gona. Ba mu san sunan da uwarta ta raɗa mata ba, ba mu san garinsu ba, ba mu taɓa tambaya ba. Jikokinta suna bayan gidanmu na Katsina har gobe, kuma in ɗayansu ya nemi aure a cikinmu, akwai tsohuwar da za ta yi tari ta ce a bincika asali. Wannan shi ne asalin da kake taƙama da shi ranar Juma'a. Ba wai an kasa kama mu ba ne don mun fi kowa daraja. Wasu an kama, wasu sun kama, wasu Allah Ya sa ranar ba su je rafi ba. Na gaya wa Haruna gaskiya. Sai ya jawo kwanon ya ce in nuna masa yadda ake cin tuwo.

Abin da ya fi ba ni haushi da kai, ka fi kowa sanin ɗacin kalmar nan. Kana ƙaramin aji a nan Shumaisi ka dawo gida rigarka a yage, don wani yaro ya kira ka bawa da Larabci ka kama shi da kokawa. Ka tambaye ni, "Baba, mu bayi ne?" Larabcinka ya fi na yaron kyau, Alƙur'aninka ya fi nasa, bai hana ba. Haruna ma, fasfonsa ya sa albashinsa ya ninka nawa a asibiti ɗaya, amma mai gadin ƙofa sai ya tare shi ya nemi iƙama, wato takardar zama, da tsawa, ya bar Bature ya wuce da murmushi. Wato kalmar da aka jefe ka da ita ka yi kuka, ita ka ɗauka ka adana, ka girma, ka jefi wanda zai ba ka masauki. Wannan ne na kasa haɗiyewa.

Da kwantiraginsa ya ƙare zai koma gida, na raka shi. Ya ce, "Wasan nan naku, ban da zagin, me ke cikinsa?" Na ce abokin wasa ba a rufe masa ƙofa. Yana shiga gidanka ya buɗe tukunya ba sallama. In shekara ta juyo, a watan Muharram, yana zuwa ya karɓi haƙƙinsa, ba ka isa ka hana ba. In ɗanka ya je garinsu, ɗansa ne. Ya ce, "To ka riƙe kalmar, kada in sake jin ta. Sauran ka ba ni. Na zama Banufe." Na cire hular kaina, wadda aka ɗinka mini a Katsina, na ɗora masa. Ta yi masa kaɗan. Ya ce, "Ka ce kan bawa ya fi na ubangida girma." Shi ya faɗa, ba ni ba, kuma ban yi dariya ba sai da ya fara.

Da na rubuta masa cewa ka sami jami'a kusa da garinsu, amsarsa gajeriya ce. Ya ce ya duba, tafiyarka ta faɗo a watan da na ce ana karɓar haƙƙi, to kai ne haƙƙinsa na bana. Ya ce matarsa ta gyara ɗakin ɗansu, ta fitar da duk abin da ya shafi alade daga kicin, ya kuma nemo masallacin da zai riƙa kai ka ranar Juma'a. Ya tambayi ta ina alƙibla take daga garinsu, don ya juya maka gado. Na auna a taswira na aika masa.

Ban gaya masa abin da ka faɗa ba, ba kuma zan gaya masa ba. Ban kuma rubuta masa cewa kada ya zo ba. Na ɗauki alƙalami don in yi, hannuna ya ƙi. Saboda haka in ka fito daga wurin duba kaya za ka ga abokanka a gefe ɗaya, ina zato da mota mai kyau. A wani gefen kuma za ka ga dogon mutum mai furfura, sanye da hular Katsina da ta yi masa kaɗan, ya kafa ta a karkace don har yau bai iya ba. Ba zai riƙe allo mai sunanka ba. Ya ce ɗa ba ya bukatar allo.

Ba ni da hannun da zai kai can ya ja kunnenka. Kuɗin makarantarka ba zan tsayar ba, baki kuma ba zan yi maka ba, Allah Ya kiyaye. Abin da nake so ka sani kawai shi ne, sau ɗaya wani daga gidanmu ya kunyata mutumin nan a gaban jama'a, ya yafe. Idan ka je gabansa, ka ajiye jaka ka rusuna ka gaishe shi kamar yadda kake gaishe ni, ko da duk filin jirgin na kallonka. Ka kira shi Baba. Idan kuwa ka ga hular ka sunkuyar da kai ka wuce, to ka sani ba shi kaɗai ka wuce ba, don daga kaina hular ta fito.

Allah Ya tsare ka a sama da ƙasa, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin abokai da sharrin harshenka. Ya ba ka ilimi mai amfani, Ya dawo mana da kai da imaninka da hankalinka. Mahaifiyarka ta ce ƙullin kilishi biyu ne a akwati, in masu duba kaya suka bar su, babban ba naka ba ne. Wasiƙarka ta farko nake jira, kuma adireshin da ke bayan ambulan zan fara dubawa kafin in buɗe.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Lawal